Bindigar turmi a yaƙin basasa: wa ke ciyar da ita?

Duk lokacin da aka ce an yi luguden wuta a kan wata kasuwa ko sansanin 'yan gudun hijira a ƙasar da ake yaƙin basasa, hankalin yawancinmu kan jirgin yaƙi yake tafiya, ko jiragen nan marasa matuƙa da ake yayi yanzu. Amma in ka bi labarin a tsanake, sau da yawa wani tsohon makami ne mara fasali, wanda in ka gan shi a jingine sai ka rantse bututun ruwa ne aka yar. Turawa mota suke ce masa, ba motar hawa ba fa, kalmar a wurinsu turmi take nufi, Larabawa kuma su ce hawan, shi ma dai turmin ne, saboda na farko-farkon da aka ƙera gajeru ne masu faɗin baki tamkar turmin daka. Don kada mu rikice da motar hawa, bari in riƙa ce mata bindigar turmi.

Yadda take ba wani abin a zo a gani ba ne. Bututun ƙarfe, da faifan ƙarfe da gindinsa ke zama a kai, da ƙafafu biyu da ke tokare shi yana kallon sama, shi ke nan. Harsashin ta baki ake saka shi, ya zurara ƙasa da nauyinsa, ya faɗa kan wata ƙusa a gindi, albarushi ya kama, ya tashi sama can ƙololuwa sannan ya sunkuyo ya faɗo kusan a tsaye. Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Wilfred Stokes ne ya fito da wannan samfurin a 1915 lokacin yaƙin duniya na ɗaya, don sojoji sun shige ramuka, bindigar da ke harbi miƙe ba ta samun su, sai abin da zai sauko musu ta ka. Bayan yaƙin Edgar Brandt na Faransa ya gyara ta, kuma yau sama da shekara 100 kusan ba abin da ya canza a jikinta.

Da faɗin baki ake rarrabe su. Akwai 'yar ƙaramar mai milimita 60 da mutum biyu za su saɓa su yi gaba, akwai ta tsakiya, 81 a wajen ƙasashen NATO, 82 a wajen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da 'yan korenta. Ku riƙe wannan bambancin na milimita ɗaya tak, za mu dawo kansa. Daga 120 zuwa sama su ne manya. Harsashin 120 nauyinsa na kaiwa wajen kilo 15, yana cin tafiyar kilomita 6 zuwa 7, in ya fashe a fili duk wanda ke cikin wajen mita 30 sai dai Allah ya kiyaye. Sai 160, sai kuma uwa mai ba da mama, ta milimita 240 da Sobiyet suka ƙera a shekarun 1950, M-240, wadda daga baya suka ɗora irinta kan mota mai sarƙa suka sa mata suna Tyulpan, sunan wata fure wai. Harsashinta ɗaya kilo 130 ne. Ku ƙiyasta, nauyin manyan mutane biyu ke nan a dunƙule yana faɗowa daga sama. Don fasa ganuwar kankare da maɓoyar sojoji aka yi ta, amma a watan Fabrairun 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta gano wutsiyoyin harsasanta a birnin Homs na Siriya, a lokacin da sojojin Bashar al-Assad suka yi wa unguwar Baba Amr ƙawanya. Unguwar mutane ce, gidajen bulo, mata da yara. Abin da aka yi don ya huda kankare, ina rufin gida zai tare shi, ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa da mutane ke gudu su ɓuya ai bai tsira ba. Daga baya a Gabashin Ghouta, kusa da Damaskus, an ga wani nau'in harsashinta mai 'ya'ya, wanda ke buɗewa a sama ya watso ƙananan bama-bamai.

To me ya sa masu yaƙin basasa suke son ta haka? Na farko arha. Jirgin yaƙi sai gwamnati, sai matuƙin da aka yi shekaru ana koyarwa, sai filin sauka da makanikai, igwa babba kuma sai motar ja da hanya mai kyau. Ita wannan bayan akori-kura ya ishe ta. Ana kafa ta a tsakar gida, ko bayan gini, ko cikin kwari, a yi harbi goma a naɗe a bar wurin kafin a mayar da martani, in martanin ya zo kuma a kan maƙwabtan da ba su ji ba su gani ba zai sauka. Sannan tunda ta sama take zuwa, katanga ba ta tare ta, dogon bene ba ya tare ta, ga shi kuma yaƙin basasa na zamanin nan a cikin birane ake yin sa, titi zuwa titi.

Nan ne kuma masifar take. Bindigar turmi ba ta da saiti irin wanda mutane suke zato. Harsashin ba ya da ido, yawancin bututun ma santsi ne da shi ba zare a ciki, 'yan fukafukan wutsiya ne kawai ke daidaita shi a iska, kuma yana daɗewa a sama, to iska ta ture shi, zafi ko sanyi ya canza ƙarfin albarushi, faifan gindi ya ɗan nutse a ƙasa bayan kowane harbi, duk waɗannan suna kai shi wani wuri daban. A nesa sosai, ko ƙwararrun sojoji ne, kuskuren sama da mita 100 ba abin mamaki ba ne. Shi ya sa a ƙa'ida harbin farko na gwaji ne, wani yana hange daga nesa ya ce ya wuce, ko bai kai ba, a gyara a sake. A daji wannan gwajin ƙasa yake tona wa. A birni kuwa "ya wuce" ɗin nan gidan wani ne, "bai kai ba" kuma layin masu ɗibar ruwa ne. Yanzu ka haɗa da cewa mai harbin yaro ne da aka koya wa a sati biyu, harsasan kuma tarkace ne, wannan an yi shi shekara 40 da suka wuce, wancan daga wata ƙasa daban. Kuma a faɗi gaskiya, wani lokacin ba kuskure ba ne sam, so ake a firgita mutane su watse su bar garin.

Sarayebo, babban birnin Bosniya, ce ta fi nuna wa duniya haka. Daga Afrilun 1992 zuwa farkon 1996 dakarun Sabiyawan Bosniya suna kan duwatsun da suka kewaye birnin, birnin kuma yana ƙasa a kwari kamar an ajiye musu a faranti. An ƙiyasta harsasai 329 a kowace rana in aka raba daidai, ranar 22 ga Yulin 1993 kaɗai an ƙirga 3,777. Ranar Asabar 5 ga Fabrairun 1994 da tsakar rana harsashi ɗaya tilo na 120 ya faɗa kasuwar Markale, mutum 68 suka mutu, sama da 140 suka jikkata. Guda ɗaya fa. Abin da ya biyo baya kuma darasi ne kan yadda wannan makami yake da daɗin musu: kowane ɓangare ya ce ɗayan ne ya harba, har aka ce wai gwamnatin Bosniya ce ta harbi mutanenta don a tausaya mata. Ramin da harsashi ya bari yana nuna ta wace fuska ya zo, amma nisan da ya taso sai an san yawan albarushin da aka ƙara masa, shi kuwa ya ƙone ya tafi, ga shi dukkan ɓangarorin irin makamai ɗaya suka gada daga sojojin Yugoslabiya. Binciken farko na Majalisar Ɗinkin Duniya bai iya tsayar da magana ba. Sai bayan shekaru kotun laifukan yaƙi ta Hague ta yanke cewa daga yankin Sabiyawa aka harbo, kuma Janar Stanislav Galić, kwamandan dakarun Sabiyawan da suka kewaye birnin a lokacin, ya ƙare da ɗaurin rai da rai a 2006. An sake buga kasuwar ranar 28 ga Agustan 1995, mutum 43 suka mutu, bayan kwana biyu jiragen NATO suka fara ruwan bama-bamai.

Amma ni abin da na fi so a duba shi ne wancan adadin, 329 a rana, na kusan shekara huɗu. Daga ina?

Domin ita bindigar kanta ba komai ba ce, bututu ɗaya zai yi shekaru yana aiki. Cikinta ne ba ya cika. Mu yi ɗan lissafi, bindiga shida ta 120, kowace ta harba 100 a rana mai zafi, 600 ke nan, sau kilo 15, tan 9 ya tashi a yini guda, ban da nauyin akwatuna. Wuri ɗaya ke nan a fagen daga mai tsawon ɗaruruwan kilomita. Ba wata ƙungiyar 'yan tawaye da za ta jure wannan da abin da ta ƙwato a bariki, gwamnatoci da yawa ma rumbunsu watanni kaɗan zai yi ya koma wayam. In ka ga yaƙi ya shiga shekara ta biyu, ta uku, wuta ba ta ragu ba, to ruwa ba ya tsami banza, akwai mai aikowa.

Eh, ana ƙerawa a gida. 'Yan tawayen Siriya sun yi abin da suka kira igwar jahannama, tukunyar gas ake cikawa a harba, wanda saitinsa ya fi na turmin ma muni, kuma masu bincike na Conflict Armament Research sun tarar ISIS tana ƙera nata harsasan turmin a Mosul da tsari kamar na masana'anta, har da fenti da lamba. Sai dai ko su kayan haɗin daga waje suke sayowa. Mafi yawa dai akwati ne ke zuwa a rufe.

Yanzu mu koma kan milimita ɗayan nan. Yawancin ƙasashen da suka faɗa yaƙin basasa a shekaru 40 ɗin nan da makaman samfurin Sobiyet suka saba, AK da RPG da turmin 82 da 120. Don haka ko Amurka ce ke son taimakon wani ɓangare, yawancin kayanta ba don bindigoginsu aka yi su ba, kuma ma ba ta so a ga tambarinta. Sai a nufi inda ake yin irin waɗannan har gobe ba tare da an bi ta Rasha ba, Bulgeriya, Sabiya, Romaniya, Bosniya, Kuroshiya, masana'antun da suka kusa mutuwa bayan yaƙin cacar baka, yaƙe-yaƙen wasu suka farfaɗo da su. Wani bincike da 'yan jaridar ƙungiyoyin bincike na BIRN da OCCRP suka fitar a 2016 ya nuna cewa tun daga 2012 ƙasashen wannan yanki sun amince da sayar da makamai na Yuro biliyan 1.2 ga Saudiyya da Jodan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Turkiyya. Tambayar da suka yi mai sauƙi ce, sojojin Saudiyya da kayan Amurka da na Turai suke aiki, me za su yi da tulin harsasan samfurin Sobiyet? Amsar tana Siriya da Yaman. Tun kafin nan ma, a farkon 2013, wani Bature mai bin bidiyon yaƙin daga ɗakinsa, Eliot Higgins, ya lura makaman tsohuwar Yugoslabiya sun fara ɓullowa a hannun 'yan tawaye a kudancin Siriya, jaridar New York Times ta bi sawu ta ce Saudiyya ce ta saya a Kuroshiya aka sauke a Jodan. Kuroshiya ta musanta. Wato ragowar yaƙin basasar wasu ne aka kwashe aka kai wa wasu.

Ta yaya ake wucewa da irin wannan kaya alhali akwai doka? Da takarda ɗaya, takardar shaidar wanda zai yi amfani da kayan a ƙarshe. Ƙasar da ke saya ta sa hannu ta buga hatimi cewa sojojinta ne za su yi amfani da su, ba za ta miƙa wa kowa ba sai da izini. Mai sayarwa ya karɓa ya sa a fayil, hannunsa ya fita. Ba ya bin jirgin ya ga inda ya sauka, kuma maganar Allah, sau da yawa ba ya so ya sani. Wanda ya fi ba ni dariya mai ciwo shi ne na Ajantina: tsakanin 1991 da 1995 gwamnatin Carlos Menem ta sa hannu kan fitar da kusan tan 6,500 na makamai, a takarda Panama da Benezuwela za su, alhali Panama a lokacin ko soja ba ta da shi, an rusa rundunar bayan mamayar Amurka. Kayan a Kuroshiya da Ekwado suka sauka. An yanke wa Menem shekara 7 a 2013, bai yi zaman kurkukun ba don yana sanata, a 2018 kuma aka wanke shi bisa hujjar cewa shari'ar ta yi tsawo da yawa. A Angola ma haka, rahoton da jakadan Kanada Robert Fowler ya miƙa wa Kwamitin Sulhu a shekarar 2000 ya nuna yadda ƙungiyar 'yan tawayen UNITA ta Jonas Savimbi ke biya da lu'ulu'u, makaman su taso galibi daga Bulgeriya, da takardun wasu ƙasashe, har rahoton ya ambaci shugabannin Togo da Burkina Faso na lokacin da sunansu.

Kuma mai aikowa shi ma ba ya iko da kayan da zarar sun tsallaka iyaka. Conflict Armament Research sun yi shekara uku suna bin makamai da harsasan da aka ƙwato daga ISIS, sama da guda 40,000, suka fitar da rahoto a Disambar 2017. A ciki akwai wani makamin fasa tanka da aka ƙera a Bulgeriya aka sayar wa Amurka, cikin wata biyu da barinsa masana'anta yana hannun ISIS. Kwamanda ya sayar, ko an ci sansani, ko rundunar gaba ɗaya ta sauya sheƙa da kayanta. Harsashi bai san wanda aka saya dominsa ba.

Sudan ce misalin da ke gabanmu. Tun 15 ga Afrilun 2023 sojojin ƙasar ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun sa-kai na RSF ƙarƙashin Hemedti suke gwabzawa, kuma Darfur tana ƙarƙashin takunkumin makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2004, amma je ka tambayi mutanen El Fasher, waɗanda suka sha luguden wuta daga Mayun 2024 har garin ya faɗi a Oktoban 2025, ko sun ga alamar takunkumi. A farkon 2024 kwamitin ƙwararru na Majalisar ya ce zargin da ake yi cewa Daular Larabawa na kai wa RSF kaya ta filin jirgin Amdjarass a gabashin Chadi zargi ne mai ƙwari, ita kuma Daular ta ce asibiti ta gina a can, agaji take kaiwa. A Nuwamban 2024 mayaƙan da ke ɓangaren soja suka tare wani ayari a hamadar Arewacin Darfur, suka ɗauki bidiyon akwatunan harsasan turmin 81 da rubutun da ke jikinsu. Masu bincike na tashar France 24 suka bi lambobin har masana'antar Dunarit a Bulgeriya, ita kuma Bulgeriya ta shaida wa Majalisa cewa a 2019 ta sayar da su ga Daular Larabawa, ba ta kuma ba da izinin a kai su Sudan ba. Daular har yanzu tana musantawa. Kada kuma a ɗauka ɓangare ɗaya ne kawai ake ciyarwa, su ma sojojin an sha ba da rahoton jiragen marasa matuƙa na Iran da Turkiyya a hannunsu.

Dokoki kam akwai. Yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya ta fara aiki a Disambar 2014, ta hana sayarwa in an san za a yi laifin yaƙi da kayan, amma Rasha ba ta ciki, Amurka ta sa hannu ba ta tabbatar ba, waɗanda ke ciki kuma su ke yi wa kansu alƙalanci. A Nuwamban 2022 ƙasashe 83 sun rattaba hannu a Dublin cewa za su taƙaita amfani da manyan abubuwan fashewa a wuraren da jama'a ke zaune, sai dai alkawari ne na baki, ba hukunci. Shi kansa takunkumin ba kullum yake adalci ba. Wanda aka ƙaƙaba wa dukkan Yugoslabiya a Satumbar 1991 a ido ya yi daidai wa daida, amma ɓangare ɗaya ya riga ya gaji rumbunan soja da masana'antu, ɗayan kuma kusan hannu rabbana, to ka hana kowa saye ai ka zaɓi gwani ke nan ba ka faɗa ba. Shi ya sa ni ba na saurin tafa wa duk wanda ya ce a rufe ƙofa kawai, kuma ba na yarda da mai cewa a ƙara turawa don a daidaita ƙarfi, tunda a Siriya kowa daidaita ƙarfin ya ce yana yi, aka shekara 13 ana abu ɗaya.

Abu guda da ke ba masu aikowa ciwon kai shi ne wutsiyar nan. Jikin harsashi yana tarwatsewa, amma wutsiya mai fukafukai sau da yawa tana tsira, a same ta a kafe cikin kwalta ko a tsakar ɗaki, kuma a jikinta ko a jikin akwatin akwai lambar masana'anta da shekarar ƙira da lambar rukunin da aka yi su tare. Da waya da hoto ɗaya mai kyau ana iya rubuta wa ƙasar da ta ƙera a ce wa kuka sayar wa wannan. Shi ya sa yanzu ake ganin akwatunan da aka goge rubutunsu, da harsasan da aka kankare lamba ko aka shafe da fenti.

Ba duka ne ke fashewa ba kuma, musamman tsofaffin da suka daɗe a ajiya, wasu sai su nutse a gona ko ƙarƙashin ɓaraguzan gini su yi kwanciyarsu har ranar da manomi ko yaro zai taɓa. A Sarayebo wasu daga cikin ramukan da harsasan suka bari a kan titi ba a cike su da kwalta ba, jan roba aka zuba a ciki, tabon ya fito kamar fure mai watsattsun ganye, mutanen garin suna kiran su wardin Sarayebo, akwai ɗaya a cikin kasuwar Markale, kusa da teburan masu kayan lambu.